Ƙanwata ta yi yaji sau uku, ana mayar da ita

Assalamu alaikum Malama. Ni tela ne a unguwar Yelwa, nan Garwa, kuma ba na barin shirinki ya wuce ni. Don Allah a sakaya sunana.

Maganar ƙanwata ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Shekararta shida da aure, 'ya'yanta biyu, kuma mijinta yana dukanta. Sau uku tana yaji. Duk zuwan da ta yi gida, ba a kwana biyu sai kawun mijin ya zo biko da goro, Baba ya ce ta tashi ta bi shi. Zuwanta na ƙarshe, bayan Babbar Sallah, ido a kumbure ta shigo, hannun hagu ba ya ɗaguwa. Ni na kai ta asibiti a kan babur. Da likita ya tambaye ta, sai ta ce santsi ne ya kwashe ta a banɗaki. Ina tsaye a wurin, na kasa cewa uffan.

Malama, bakin mutane ya fi komai ci mini rai. Inna cewa take: "Mu ma da haƙuri muka zauna har muka haife ku." Maƙwabtansu suna jin ihunta ta katanga, kowa ya ja ƙofarsa, wai tsakanin miji da mata sai Allah. A majalisarmu ta shayi wani ya ce mace sai da ɗan horo, aka yi dariya. Wani dattijo ya ce da ni harshe da haƙori ma suna saɓawa. Na ce masa Baba, wannan saɓanin har da targaɗe? Ranar aka ce ba ni da kunya. Alhali mutanen nan tare muke zama a masallaci, muna jin liman yana karanta hadisin Nana A'isha cewa Manzon Allah (SAW) bai taɓa dukan mace da hannunsa ba.

Na yi tunanin zuwa wurin jauro, wato mai unguwa, amma na san sulhu zai yi, a sake mayar da ita. In na je wurin jandarma da takardar likita, dangi za su ce na tona asirin gida, na kai suruki ƙara. Ita kuma ta riƙe hannuna tana kuka: "Yaya, ka bari. In na fita zai ƙwace yaran."

To Malama, ya halatta in tsallake maganar Baba a kan wannan? Zan iya kai ƙara ita ba ta yarda ba, ko sai ta buɗe baki da kanta? In auren ya mutu, wa zai riƙe yaran, tunda ƙaramin bai kai yaye ba? Yanzu haka tana can gidansa, kuma duk wayar da ta shigo mini da dare sai gabana ya faɗi.

Ɗan'uwanki daga Garwa