A Bar Malamai Su Zauna da Ɗalibai, Amma a Bainar Jama'a

Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili in tofa albarkacin bakina kan wata magana da na ji iyaye suna yi a wurin ɗaurin aure nan Bauchi, wai a hana malaman jami'a hulɗa da ɗalibai da zarar an tashi daga aji. Na san abin da ya jawo maganar, amma raina bai kwanta da wannan magani ba.

A Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa na yi karatu, a harabar Yelwa. Daga ƙauye na fito, ta wajen Darazo, kunya ba ta barina in ɗaga hannu a aji, lissafi kuwa ya kusa mayar da ni gida tun shekarar farko. Wani dare bayan sallar isha'i na tarar da malaminmu a teburin mai shayi. Na durƙusa na gaishe shi zan wuce, sai ya ce, "Kai, ba ɗalibina ba ne? Zauna. Ina ka maƙale?" Ya jawo takardar da aka naɗe masa burodi, ya zaro biro daga aljihun kaftani, ya yi ta zane yana bayani har shayinsa ya huce. Mu huɗu muka kewaye shi a daren, daga baya muka kai goma. Bai taɓa bari mu biya masa ko kofi ɗaya ba. Da mahaifina ya rasu, har ƙauyenmu ya zo ta'aziyya. Wannan ai ba baƙon abu ba ne a wurinmu, haka almajiran zaure suke tashi, a ci tuwo tare da malam, a raka shi masallaci, karatu na shiga.

Sai dai ban manta da ɗaya ɓangaren ba. 'Yar yayana tana wata babbar makaranta da ba zan ambata ba. Malamin da ke duba aikin bincikenta ya riƙa kiranta ƙarfe goma sha ɗaya na dare, wai ta same shi a gida. Ranar da ta miƙo mini wayar in karanta saƙonnin, hannunta rawa yake yi, "Baffa, in na ƙi zai kayar da ni." Irin abin da binciken BBC ya bankaɗo ke nan a jami'o'in Legas da Gana a 2019, har Majalisar Dattawa ta zartar da ƙudurin hukunta masu yin haka a 2020.

Kuma sai yanzu na lura, ko mace ɗaya daga ajinmu ba ta taɓa samun karatun teburin mai shayin nan ba, don wurin ba nata ba ne.

Don haka ina kira ga hukumomin jami'o'inmu, daga Yelwa da Gubi zuwa Gaɗau da Kashere, su sa kowane malami ya ware sa'o'i a mako, da rana, ƙofar ofis a buɗe ko a gindin bishiya, maza da mata su zo a ƙungiya. Kiran ɗaliba gida ko otal kuwa, da karɓar kuɗi ko kyauta kafin jarrabawa, a rubuta hukuncinsu ƙarara a manna a kowane sashe, tare da lambar wayar da yarinya za ta kira ba tare da sunanta ya fita ba.

Wassalam.

Wani malamin sakandare,
Yelwa, Bauchi