Wasiƙa zuwa ga ɗana kafin ya tafi Tafkin Bosomtwe

Aboabo, Kumasi

Ɗana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, ya karatu, ya Accra? Mu nan duk lafiya lau, sai godiyar Allah.

Saƙonka ya iso, cewa in an yi hutun Agusta kai da abokan karatunka kuna so ku kafa tanti a bakin Tafkin Bosomtwe, ku yi 'yan kwanaki kuna kallon tsuntsaye. Mahaifiyarka ta ce ita ba ta taɓa jin inda mai hankali ya bar katifa ya je ya kwana a ƙasa saboda tsuntsu ba. Ni na amince, kuma na shawo kanta. Na zaɓi in rubuto maka ne don na san halinka a waya: "To Baba, to Baba," kana ajiyewa shi ke nan.

Wurin da za ku yana da masu shi. A taswirar wayarka shuɗin ruwa kawai za ka gani, wajen kilomita 30 kudu maso gabas da Kumasi, sai ka ɗauka daji ne na Allah. Ƙauyuka sama da 20 ne ke kewaye da shi, kuma duk inda ka taka a bakin ruwan akwai dangin da za su ce nasu ne. Motar Kuntanase za ku shiga, daga can ku gangara Abono, inda yawancin baƙi ke sauka. Kada ku sauke kaya ku hau buga turaku kafin ku nemi odikro, mai garin. Kai a Kumasi aka haife ka, Twi a bakinka yake, saboda haka kai za ka shige gaba, kada ka bar yaran Accra su yi ta zuba wa dattawa Turanci. In kun shiga, daga dama ake fara gaisawa a bi layi zuwa hagu, kuma hannun hagu ba ya miƙa komai, ba ya nuna kowa. Za a ba ku kujera, a ba ku ruwa, sannan a tambayi abin da ke tafe da ku. Ko da sun riga sun sani, ka faɗa tun daga farko a natse: su wane ne ku, daga ina, kwana nawa, me za ku yi. Al'adarsu a kai wa sarki kwalbar giya. Kai ba za ka ɗauka ba, ba kuwa za ka tsaya yi musu wa'azi a kanta ba. Ka sa ɗan abin gaisuwa a ambulan, ka ce kai Musulmi ne ɗan Zango. Sun san mu tun zamanin fataken goro da ke bin hanyar Salaga, kuma abin da ya zaunar da kakanninka lafiya a ƙasar Asante shi ne sun iya sallama a ƙofar mutane. In mai garin ya haɗa ku da wani yaro ya riƙa nuna muku wuri, ku karɓa ku biya shi. Baƙo ko da ido makaho ne.

Mutanen Asante suna ganin girman tafkin nan ƙwarai. A wurinsu, nan ne rayukan matattu ke zuwa yin bankwana. Akwai wani dutse a Abrodwum da suke yanka a wurinsa in kifi ya yi ƙaranci, akwai kuma labarin maharbin da ya biyo dabbar da ya harba har ta shige ruwan ta ɓace. Tun da can ba su yarda a sa jirgin ƙarfe a kansa ba, shi ya sa har gobe za ka ga masunta a kan padua, wani falankin itace da mutum ke hawa yana tuƙi da hannuwansa, ko da yake yanzu akwai jiragen inji na ɗaukar 'yan yawon buɗe ido. Ba wanda ya ce ka gaskata abin da suka gaskata. Amma kada in ji an ce ɗana ya yi dariya, ko ya ɗauki hoton wurin tsafinsu ba izini ya watsa a Facebook da baƙar magana a ƙasa. Allah da kansa ya hana mu zagin abin da wasu ke bauta wa. In sun ce nan ba a shiga, ko yau ba a yin kaza, ka ce to.

Abin da masana suka gano kuwa, wataƙila ka fi ni saninsa. Wani ƙaton dutse ne ya faɗo daga sama shekara miliyan 1 da 'yan kai da suka wuce, ya haƙa rami mai faɗin kilomita 10.5, ruwan sama ya taru a ciki. Ruwan kansa faɗinsa wajen kilomita 8 ne, zurfinsa a tsakiya ya kusa mita 80. A 2004 masu bincike daga ƙasashe da dama sun zo da injina sun huda ƙasan tafkin sun ɗebi laka da duwatsu, a 2016 kuma hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa shi cikin wuraren da ake kare halittunsu. Shi kaɗai ne tafkin da ba hannun mutum ya yi ba a Ghana. Tafkin Volta duk girmansa madatsar Akosombo ce ta tara shi, wadda aka gama a 1965.

Cikin wannan duka, wanda na fi so ka riƙe shi ne tafkin ba shi da mafita. Ƙoramu suna gangarowa daga tuddai su zuba a ciki, amma babu kogi ko ɗaya da ke fita da ruwan. Ledar ruwan da ka jefa, da gwangwanin kifi, da kumfar sabulun wankinka, ba inda za su, suna nan tare da kifin da mutanen ƙauyen ke ci suke sayarwa. Ku tafi da buhu, duk sharar da kuka tara ku dawo da ita Kumasi. In za ku yi wanki ko wanke-wanke, ku ɗebi ruwa a bokiti ku hau tudu. Bayan gida kuma ku roƙi na wani gida ko masauki ku biya, kada ku ɓata wa mutane gonakin koko.

Maganar iyo, a taƙaice: ban yarda ba. Yaron da ya tashi a Aboabo bai san ruwa ba sai na famfo da na kwata. Bakin tafkin yana da yaudara, kana tafiya ruwa iya gwiwa sai ƙasa ta kuɓuce maka. Ruwan ya taɓa hawa ya ci gonaki da tsofaffin matsugunai har ƙauyuka suka ja da baya, kuma akwai kututturan itatuwa a ciki. An sha rasa samari a wurin, musamman ranakun hutu da ake cika Abono da kiɗa. Padua kuma ka bar wa waɗanda suka koya tun suna yara. In za ku shiga jirgin inji, sai da rigar da ke hana nutsewa, in babu ku fasa.

Kun yi dabara da kuka zaɓi Agusta. Ka san mu nan damina biyu gare mu, babba daga wajen Afrilu zuwa Yuli, ƙarama daga Satumba zuwa Nuwamba, a tsakani ruwa yakan ɗan tsagaita, gari ya yi lumshi, rana ba ta cika dukan mutum ba. Da asuba a cikin kwarin nan za ka nemi rigar sanyi, raɓa kuma tana jiƙa komai, don haka ka shimfiɗa leda mai kauri a ƙarƙashin tabarmarka. A irin wannan lokaci na sanyi, wasu shekarun, ruwan sama-sama yakan huce ya yi nauyi ya nutse, na can ƙasa wanda ba iska a cikinsa ya taso. Sai ka ji wari, ka ga kifi yana tasowa yana haki. Mutanen wurin suna da nasu bayanin. In ka dace da ganin haka kada ka tsorata, kada kuma ka tsinci mataccen kifi ka gasa. Tsagaitawar ruwa ba ɗaukewa ba ce, kuma tuddai sun kewaye ku, hadari zai iya haɗuwa a bayansu ba ku sani ba sai ya leƙo. Da ka ji tsawa ka bar bakin ruwa, kada ka fake a gindin doguwar bishiyar da ke tsaye ita kaɗai, ku nemi gini. Tantin ma ku kafa shi a ɗan tudu, nesa da hanyar da ruwa ke bi in ya gangaro.

To, ga tsuntsayen da za ku dominsu. Ka ce kun ari madubin hangen nesa da littafi mai hotuna. Madalla. Amma wanda ya kwana hira ya tashi ƙarfe tara ba abin da zai gani sai hankaka. Sallar asuba ce za ta taimake ka: kana sallamewa gari yana wayewa wajen ƙarfe shida, a lokacin ne suke fitowa kiwo suna kuka. Ka nemi wuri ka zauna, rana a bayanka, ka sa tufafi marasa ƙyalli, ka kashe kiɗan waya, ka yi shiru har su manta da kai. Kunne yakan riga ido. In ka ji wani kuka daga cikin ciyawa kamar ana tsiyaye ruwa daga gora, ragon maza ke nan, mai jan fiffike da doguwar baƙar wutsiya. Ba ya son tashi sama, sai dai ya yi ta saɗaɗawa. A bakin ruwa ka duba zalɓe, yadda yake tsayawa ƙyam ba motsi kafin ya cafki kifi. Akwai wani ɗan tsuntsu mai baƙi da fari da dogon baki, yakan tsaya cak a iska yana kaɗa fiffike sannan ya faɗo ruwa da ka. A cikin ƙauye kuma ka ɗaga kai ka dubi bishiyar da marai suka cika da sheƙa. Namijin ne ke saƙa, da ɗanyen ganyen da ya tsago, in ya gama ya rataye a ƙasan sheƙar kai a ƙasa yana karkaɗa fiffike yana kiran mace. Ita kuma ta zo ta duba aikin, in bai yi mata ba ta yi gaba, shi kuwa ya sake wata. Wannan kaɗai ya isa ka ɓata safiya guda a kansa.

Kada ka yi ta neman abin da ba lokacinsa ba. Shirwar da ke cika sararin Kumasi da rani tana arewa yanzu, sai ruwa ya ja baya take dawowa. Shamuwa ma tana can ƙasar Hausa tana ƙyanƙyasa a kan itatuwan gari. Baƙin da ke ƙetaro hamada daga Turai kuwa sai daga Satumba suke fara isowa, su koma wajen Afrilu. In abin ya shiga ranka, ka sake komawa da hunturu ka gwada bambancin.

Ka rubuta abin da ka gani da ranar da wurin, ko da kana ganin tsuntsun banza ne. Muna yara ungulu ta cika kan rufin kasuwa da mayanka har korarta ake yi, wa zai ce za a neme ta? Ga shi tun 2015 an sa ta cikin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa a duniya. Aku mai jar wutsiya ma, masu bincike sun ce daga 1992 Ghana ta rasa kashi 90 cikin 100 nasa ko fiye, saboda kamawa ana sayarwa da sare manyan itatuwan da yake sheƙa a kogonsu. In wani ya kawo muku ɗan tsuntsu ko ɗan biri ku saya, kada ku saya ko don tausayi, gobe zai kamo wani. Kusa da kowane sunan Turanci da za ka rubuta, ka sa na Hausa in ka sani, ka tambayi masunta na Twi. Wanda ya gagare ka ka zo da hotonsa, kakarka tana nan da ranta.

Danƙo da harbi babu su a tafiyar nan, haka taɓa ƙwai ko sheƙa. Ka tuna hadisin sahabban da suka ɗauke 'ya'yan wata tsuntsuwa a hanya, ta zo tana ta shawagi a kansu, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce a mayar mata da 'ya'yanta. Alƙur'ani ya ce su ma al'ummomi ne irinmu.

Manyan namun daji ba za ku gani ba, an noma tuddan da yawa. Sai dai guza a bakin ruwa, ko gyazbi a gona in kun yi sa'a, da jemagu da magariba. Waɗanda za su dame ku ƙanana ne. Sauro na nan, ka tafi da gidan sauro ka sa dogon hannu da yamma, in kuwa ka ji zazzaɓi ko bayan ka dawo ne, a gwada jininka kafin ka sha komai. Kada ku bar ragowar abinci a tanti, in kwarkwasa ta shigo da dare ba mai sauran barci. Ka kakkaɓe takalmi kafin ka sa, kada ka fita da dare ba tocila. In tsautsayi ya sa maciji ya sari wani, ba tsagawa, ba tsotsa, ba ɗaure ƙafa tamau. A kwantar da shi, a hana ƙafar motsi, a nemi mota zuwa asibitin Kuntanase. Lambar gaggawa 112 ce. Ruwan sha ku saya, na tafkin na alwala da wanki ne kawai.

Da kun sauka ka karanta "A'uzu bi kalimatillahit tammati min sharri ma khalaƙa." Alƙibla gabas ce ka ɗan karkata arewa. Tunda gida za ka fara sauka kafin ku wuce, tsakanin Kumasi da tafkin bai kai tafiyar ƙasaru ba, sallarka cikakkiya za ka yi. Abokanka da ba Musulmi ba, ka gaya musu lokutan sallarka tun farko, kada ka riƙa ɓuya kana yi kamar marar gaskiya.

In kwanakin sun rage muku, ku leƙa Owabi, nan bayan gari. Madatsa ce da aka gina a 1928 don ba Kumasi ruwa, dajin da ke kewaye da ita yana da tsuntsaye iri wajen 160 da birai, sai dai da izinin ma'aikatan gandun daji ake shiga. Masu son malam-buɗe-littafi kuma akwai dajin Bobiri kusa da Kubease, a kan hanyarku ta komawa Accra.

Ka turo mini sunayen waɗanda za ku tafi tare da lambar iyayen ko mutum biyu daga cikinsu. Sabis yakan yi wuya a cikin kwarin, saboda haka kullum bayan la'asar ka nemi inda waya ke kamawa ka kira mahaifiyarka, da wannan sharaɗin ta yarda. Kuɗin mota zan turo maka ranar Juma'a in Allah ya kai mu. Ƙannenka suna gaishe ka, ƙaramar ta ce a zo mata da soyayyen kifin Abono.

Allah ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya, ya yi maka albarka.

Mahaifinka