Wasiƙa zuwa ga 'yata kan littafin Turancin da aka ba su

Assalamu alaikum 'yata. Bayan gaisuwa, da fatan kina lafiya. Ya karatu, ya sanyin Bajoga? Mu nan Gombe lafiya lau, Mamanki da ƙannenki suna gaishe ki.

Saƙonki ya iso, cewa littafin labarin da za ku yi jarrabawar JAMB a kansa ya gundure ki, kowane shafi sai kin buɗe ƙamus sau goma. Ki daina haka. Mai tsayawa a kan kowace kalma, kafin ya kai ƙarshen sakin layi ya manta farkonsa, labarin ya tsere masa, kalmomin ma ba su zauna ba.

Kowane babi ki karanta shi sau biyu. A karon farko ƙamus na rufe, fensir ne kawai a hannunki: ki ja layi ƙarƙashin kalmar da ba ki sani ba, ki wuce. A karo na biyu ne za ki yi zaɓe, kuma kada ya haura kalma 8 a zama ɗaya. Ki ɗauki wadda ta maimaitu sau biyu ko uku, da wadda in babu ita ba za ki gane abin da ya faru ba, da kalmomin da ke bayyana halin mutanen labarin, domin a kan hali ake yawan tambaya. Sunan wata bishiya ko wani kayan ɗaki da ya fito sau ɗaya, ƙyale shi. Masu binciken koyon harshe sun nuna sai mutum ya san kusan kalma 98 cikin 100 kafin ya yi karatu ba tuntuɓe, wato baƙin kalmomi shida a shafi mai kalma 300 ba abin damuwa ba ne. Babukan farko su ne masu nauyi, don kowane marubuci yana da kalmomin da yake ta komawa kansu.

Kafin ki buɗe ƙamus, ki yi hasashe tukuna. Dubi jimlar: suna ne, ko aikatau, ko sifa? Idan but ko although ta gabace ta, sau da yawa kishiyar abin da aka faɗa a baya ce. Rubuta hasashenki, sannan ki duba. Ko kin kuskure, wahalar da kika sha ita za ta sa ma'anar ta zauna.

Inda ɗalibai suka fi faɗuwa shi ne littafin tara kalmomi. Sai a jera Turanci a hagu, Hausa ɗaya tilo a dama, a yi ta hadda. Wannan ne ke haifar da irin "borrow me your pen", saboda aro ɗaya muke da shi, su kuwa sun raba: mai karɓa borrow, mai bayarwa lend. Ke kowace kalma ki ba ta layi huɗu: kalmar da lambar shafin da ta fito, jimlar marubucin yadda take, ma'anarta da Turanci mai sauƙi, sai jimlarki ta kanki a kan abin da kika sani, kasuwa ko ɗakin kwananku. Ki kwafo ta tare da maƙwabtanta, domin ana cewa make a mistake, ba a cewa do, kuma depend galibi da on take tafiya. Ki lura da irin su put off da put up with. Kin san put sarai, amma ta farko ɗage abu ce, ta biyu haƙuri da abu. Waɗannan ba a ganin baƙuncinsu, shi ya sa ake tsallake su.

Shi ma ƙamus yana da tarko. Ma'anar farko ba lallai ita ce ta jimlarki ba, ki karanta dukkansu ki gwada wadda ta dace. Ƙananan nan na aljihu marasa misalan jimla, ni ban ga amfaninsu ba. In kin samu kalma, ki kamo danginta da ɗafa-goshi da ɗafa-ƙeya, wato ƙarin da ake liƙa wa kalma a farko ko a ƙarshe: decide, decision, decisive, indecisive.

Bitar ita ce mai wuya. Kalmomin yau ki sake su gobe, sai bayan kwana uku, sai bayan sati, sai bayan wata. Ba wai ki kalle su ba: rufe ma'anar da tafin hannu, ki faɗa da ka, ko ki ba ƙawarki ta tambaye ki bayan firef. Wadda ta kuɓuce miki ta koma sahun farko. Kalma 8 a kwana biyar 40 ke nan a sati, a sati 12 kin tara 480.

Turancin JAMB tambaya 60 ne, ciki har da na littafin, da na kalma mai makusanciyar ma'ana, da na kishiyarta, da na furuci. Don haka ki riƙa ƙara kishiya a gefe, kuma ki roƙi malamarku ta furta miki kalmomin, musamman masu p da f irin su pull da full, da harshenmu ke haɗe su. 'Yan takardun taƙaita labari da ake sayarwa kuwa, sai bayan kin gama littafin. Sunayen 'yan labari za su ba ki, kalmomin marubucin duk an zubar.

Ranar ziyara yayanki zai kawo miki ƙamus na Oxford Advanced Learner's, da sabon littafin rubutu da fensir uku. Kada ki sa biro a littafin labarin, ƙanwarki ma za ta karanta shi. In kun yi hutu ki zo mini da littafin kalmomin, zan yi miki tambayoyi.

Allah Ya yi miki albarka, Ya ba ki sa'a.

Mahaifinki,
Gombe