Ambaton malami a Google Scholar daban, isar bincikensa ga mara lafiya daban

Malam Edita, assalamu alaikum, ya aiki ya jama'a, Allah ya ƙara wa jaridar nan albarka. Dan Allah a ba ni ɗan fili in amayar da wani abu da ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya.

Ni ɗan shagon kwamfuta gare ni a Zoo Road a nan Kano, firintin da fotokwafi da bayindin, amma kimiyyar laburare na karanta. Duk lokacin da kakar ƙarin girma ta zo a manyan makarantu shagon cika yake da malamai, kowa da jakarsa ta maƙaloli, a jera a yi kwafi a ɗinke, daga ƙarshe sai ka ji an ce "buɗe min Google Scholar ɗina ka fitar min da shafin farkon nan". Shafin ne ke nuna maƙala nawa mutum ya wallafa da sau nawa wasu masu bincike suka ambace shi a nasu rubutun. Wallahi na sha ganin dattijo da furfurarsa ya tsaya a bayana ya ƙura wa lambar nan ido, kamar mai jiran sakamakon gwajin jini.

Kwanakin baya wani dakta ya zo, shi bincikensa a kan kula da lafiyar ƙwaƙwalwa ne ta hanyar waya da intanet, manhajoji da saƙonni da makamantansu. Shafinsa ya yi kyau ƙwarai, maƙaloli jere reras, ambato sai hawa yake shekara bayan shekara, na taya shi murna har zuciyata domin na san ba a kwance ake samun wannan ba, mutum ne da ke kwana a kan kwamfuta ga rashin wuta ga kuɗin wallafa da dala. Sai dai ina miƙa masa takardun na kasa riƙe bakina, na ce ranka ya daɗe Dakta, a cikin waɗannan duka akwai wadda zan iya kai wa ƙanwata ta amfane ta? Ya yi shiru ɗan lokaci, sannan ya ce min gaskiya babu ko ɗaya da aka yi da Hausa, kuma mafi yawansu nazari ne a kan abin da wasu suka riga suka wallafa a Turai da Amurka. Na ji daɗin da bai yi min kwana-kwana ba. Kuma ban ga laifinsa ba, abin da ake tambayarsa a ba shi maki a kai shi yake kawowa.

Bari in ɗan yi bayani saboda mai karatu da bai san harkar ba. Ƙirga ambato ya samo asali ne tun wajen 1964 da wani Ba'amurke Eugene Garfield ya fito da kundin da ke bin diddigin wa ya ambaci wa a mujallun kimiyya. A 2004 aka buɗe Google Scholar da takwaransa Scopus da shi ma ke ƙirga ambato, sai a 2005 wani malamin fiziks a jami'ar Kalifoniya da ke San Diyego, Jorge Hirsch, ya ƙirƙiro abin da ake kira h-index. Lissafin ba wuya: idan aka ce naka 20 ne, to kana da maƙala 20 da kowacce an ambace ta aƙalla sau 20. Yana da amfaninsa, ba na musu, domin yana nuna abokan sana'arka na karanta ka, kuma ya fi a bar ƙarin girma a hannun wa ka sani wa ya san ka. Amma lambar ba ta faɗa maka dalilin ambaton ba. Wani ya ambace ka ne don ya ƙaryata ka, wani kai ne ka ambaci kanka, wasu kuma abokai ne suka yi adashi, sa sunana a taka in sa naka a tawa. Sannan fannin da ke tashe shi ke kwashe ambato, kuma tun zuwan Korona a 2020 da aka kulle mutane a gida, maganar lafiyar ƙwaƙwalwa ta waya ta zama abin yayi a duniyar bincike.

Ga misali ɗaya da ya tsaya min a rai. A 2017 an wallafa wani bincike a kan Woebot, wata manhaja da ke hira da mutum kamar mai ba da shawara. Matasa 70 aka gwada a Amurka, na sati biyu kacal. Wannan maƙala an ambace ta fiye da sau dubu, kusan duk mai rubutu a fannin sai ya kawo ta, amma a tsakiyar 2025 kamfanin ya rufe manhajar, ambaton kuwa yana nan yana ƙaruwa. Haka a 2019 Amit Baumel da abokan aikinsa suka duba manhajojin lafiyar ƙwaƙwalwa 93 don su ga yadda mutane ke amfani da su a zahiri ba a ɗakin gwaji ba, sai suka tarar bayan kwana 30 kusan mutum 3 ne kawai cikin 100 ke ci gaba da buɗewa. 

Kar a fahimce ni baibai, ba cewa nake fannin shirme ba ne. Akwai masu aikin kirki da suka daɗe a ciki, irin su Helen Christensen ta Ostireliya da suka fito da MoodGYM, wani shafin intanet na taimaka wa masu ciwon damuwa, tun 2001, da Gerhard Andersson na ƙasar Suwidin da ya shafe shekaru yana gwada magance ciwon damuwa da fargaba ta intanet, kuma abin da bincikensu da na wasu ya yi ta nunawa shi ne abin yana aiki, musamman idan akwai ɗan Adam a gefe da ke bibiyar mara lafiya yana tambayarsa ya jiki. Wannan maganar ta ɗan Adam a gefe ita ce na gani da idona a gidanmu.

Ƙanwata ce ta haihu, haihuwar fari, ta dawo gida wankan jego. Tun kafin suna muka ga ta canza, ba ta barci ko jaririn ya yi barci, kunun kanwa sai dai a ɗauke shi yadda aka kawo, a miƙo mata yaro ta karɓa hawaye na zuba ta ce ita ba ta iya ba, ita ba uwar kirki ba ce. Yarinyar da in tana gida ba ka jin muryar kowa sai tata. 'Yan barka kowa da tasa, wannan ta ce iska ce, waccan ta ce baki ne, wata ta ce shagwaɓa ce kawai ta 'yan matan yanzu. An yi ruƙiyya an yi rubutu, kuma ni ba na raina addu'a, da ita muka dogara har yau. Amma da dare ni ina zaune da waya ina neman abin da zai taimaka, na sauke manhaja ta kai biyar, duk Turanci, wata ta ce a biya da dala duk wata, wata ta ce ta rubuta yadda take ji a kullum, yarinyar da ko cokali da ƙyar take ɗagawa. Na miƙa mata ta kalla ta ajiye. Na san akwai dubban maƙaloli a kan waɗannan manhajoji, na ga wasunsu ma na buga su da hannuna a shago, amma a ɗakin Hajiyarmu a daren nan ba su tsinana mana komai ba.

Abin da Allah ya sa ya zama sanadi shi ne wata gwaggonmu da ta matsa aka kai ta asibiti, likita ya ce ciwon damuwa ne na bayan haihuwa, sananne ne kuma yana da magani. Ya ɗora ta a kan magani, sannan wata nas, Allah ya saka mata da alheri, ta karɓi lambarta, bayan kwana biyu ko uku sai ta turo saƙon murya ta WhatsApp: "Maijego ya kwanan yaro, kin samu barci jiya? Me kika ci da safe? In kin ji abin ya taso ki kira ni ko da dare ne." Ƙanwata takan kara wayar a kunne ta saurara sau biyu sau uku, a hankali ta fara mayar da amsa, wata rana muka ji ta tana dariya ita da wayar. To Malam Edita wannan ma ai kula da lafiyar ƙwaƙwalwa ce ta waya, kuma ita ce ta yi mana aiki, amma nas ɗin nan ba ta da shafi a Google Scholar, ba wanda ya zauna ya auna abin da take yi ya rubuta don a koya wa wasu.

Kuma ba dole sai an zaɓi ɗaya an bar ɗaya ba. Dubi Dixon Chibanda na Zimbabuwe, ya horar da tsofaffin mata su zauna a kan benci a harabar ƙananan asibitoci suna sauraron masu damuwa da harshensu na Shona, har sunan ciwon ma da nasu suke kira, kufungisisa, wato yawan tunani. Ya gwada abin a kan mutum 573, aka wallafa a mujallar JAMA a 2016, ya samu ambato ya kuma samu mutanen da suka warware. A nan gida tun 1954 Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya fara tsarin ƙauyen Aro a Abekuta, inda mara lafiya ke zama cikin jama'a tare da danginsa yana karɓar magani, shi ne daga baya ya zama mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya. Farfesa Oye Gureje na Ibadan yana cikin masu binciken Afirka da aka fi ambata a wannan fanni, kuma aikinsa a kan ƙananan asibitocin sha-ka-tafi ne da yadda ma'aikatansu za su gane ciwon damuwa su kula da shi. Duk waɗannan daga matsalar ƙofar gidansu suka faro, ambaton ya biyo su daga baya.

Mu kuwa buƙatar a fili take. Ƙasa mai mutum sama da miliyan 200 likitocin ƙwaƙwalwarta ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba, wasunsu ma suna ta ficewa waje. Binciken shan ƙwaya na 2018 ya ce mutum miliyan 14.3 ne ke ta'ammali da miyagun ƙwayoyi a Najeriya, kuma duk ɗan Kano ya san abin da kodin da tiramol suka yi wa unguwanninmu. Sai a Janairun 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin tsohuwar ta 1958. Asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau da sashen ƙwaƙwalwa na asibitin Malam Aminu Kano ba za su iya ɗaukar kowa ba ko da kowa ya yarda ya je, balle ga kunya, mutum na tsoron a ce an gan shi a can a fasa auren 'yarsa. Waya kuwa tana hannun kusan kowa, shi ya sa nake ganin in akwai inda wannan fanni ya kamata ya yi amfani to nan ne.

Don haka roƙona ga kwamitocin ƙarin girma da masu raba kuɗin bincike irin su TETFund, a ci gaba da duba maƙala da ambato, amma a ƙara tambaya ɗaya mai maki: wa ya yi amfani da abin da ka gano? Ba baƙon abu nake kawowa ba, tun 2012 masana suka tsara sanarwar San Faransisko da ake kira DORA suna cewa a daina auna mai bincike da girman sunan mujallar da ya wallafa a ciki, a dubi aikin kansa. Su kuma masu bincikenmu dan Allah a yi abin da zai shiga ƙaramar waya mai tocila, a yi shi da murya domin da yawan iyayenmu mata ba sa karanta boko, a tuna cewa a gidaje da yawa waya ɗaya ce tsakanin miji da mata ko uwa da 'ya'ya, saboda haka sirri babbar magana ce. A zauna da ungozoma da limamai da masu ruƙiyya, tunda wajensu ake fara zuwa. A samo kalmomin da mutane ke faɗa da bakinsu, zuciyata ta yi baƙi, kaina ya yi nauyi, tunani ya yi min yawa, a gina tambayoyin a kansu.

Ku ma 'yan jarida da naku. Duk shekara in aka fitar da jerin nan na jami'ar Stanford na kashi 2 cikin 100 na masanan duniya da aka fi ambata, sai mu ga hoton malami da taya murna, kuma ya cancanta, amma ku ƙara da tambayarsa me ya gano, ya faɗa da Hausa a layi biyar yadda Hajiyarmu za ta gane in an karanta mata.

Daktan nan kafin ya fita na ce masa in zai taƙaita bincikensa guda ɗaya a shafi ɗaya da Hausa, ni zan buga kwafi 200 kyauta mu kai ɗakunan awon ciki da na rigakafin yara, ya ce in sha Allahu zai kawo. Wannan tayin na miƙa shi ga duk wani malami ko malama da ke bincike a wannan fanni a Kano, takarda da tawada a wuyana.

Wassalam, naka mai karatu a kullum,
Mai shagon kwamfuta, Zoo Road, Kano.