Rahoton Ayyukan Shekarar 2025 ga Mambobin Ƙungiyarmu ta Dukawa da Fataken Kayan Fata

Assalamu alaikum. Dattawanmu, iyayen ƙungiya da sauran 'yan uwa mambobi, kwamitin gudanarwa yana gabatar muku da bayanin abin da aka yi a wannan shekara, wadda kusan dukkan aikinta ya karkata ga tambayar da kuka yi ta maimaitawa a taron bara, wato me yarjejeniyoyin cinikin da gwamnati ke sa wa hannu suke ƙara wa baduku ko suke rage masa.

Mun fara da zaman wayar da kai a kan yarjejeniyar ciniki maras shinge ta Afirka, wadda aka ƙulla a Kigali a 2018, Najeriya ta sa hannu a Yamai a watan Yulin 2019, aka kuma buɗe ciniki a ƙarƙashinta ranar 1 ga Janairun 2021. Alkawarinta shi ne a janye harajin kwastan a hankali daga kashi 90 cikin 100 na nau'o'in kaya. Abin da ya fi ɗaukar lokaci a zaman, kuma kwamiti ke ganin shi ne jigon maganar, shi ne ƙa'idar asalin kaya. Rangwamen yana kan abin da aka sarrafa a Afirka ne, saboda haka wanda ya sayi kirgi a majema ya yanka ya ɗinka takalmi a Kano yana da hujjar neman sa, amma wanda ya saro takalmin Sin daga kwantena ya sake masa kwali ba shi da rabo, ko da shagonsa a kasuwar Kurmi ta Kano yake.

Aiki na biyu ya shafi hanyar arewa. Ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ECOWAS ta tabbata ranar 29 ga Janairun 2025, kuma waɗannan su ne kasuwannin da fatakenmu suka fi sabawa da su. A tsarin ECOWAS kayan aikin hannu suna wucewa ba tare da takardar shaidar asalin kaya ba, amma wani mambanmu ya kwana uku a wata iyaka da buhunan takalma da jakunkuna ana neman wannan takarda a hannunsa, har damshi ya shiga buhunan da ke ƙasa, fatar ta yi fumfuna, dillalin da ke jiransa ya rage kuɗi. Daga nan ne muka buɗe littafin ƙorafi a ofis, inda kowane farke zai rubuta inda aka tsayar da shi da abin da ya biya. Abin da littafin ya nuna zuwa yanzu shi ne shingayen hanya da jinkiri sun fi harajin da ke rubuce cin ribarmu. Waɗanda suka ɗanɗani rufe iyakokin da Najeriya ta yi daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020 ba sa bukatar a yi musu dogon bayani.

Mun kuma rubuta matsayarmu a kan yarjejeniyar ciniki da Tarayyar Turai, wadda Najeriya ba ta sa wa hannu ba, alhali Gana da Kwaddibuwa suna aiki da tasu ta wucin gadi tun 2016. Ra'ayin mambobi ya rabu. Masu fitar da fata zuwa Italiya da Sifaniya suna son a sauƙaƙa musu shiga kasuwa, masu ɗinki kuwa suna tuna yadda masaƙun Kaduna da Kano suka durƙushe da kaya masu araha suka cika kasuwa. Kwamiti ya goyi bayan masu ɗinki, domin fatar jar akuyar Sakkwato da ta fita ɗanya ko rabin jima tana tafiya da aikin mai yanka da mai ɗinki da mai rini.

Akwai inda muka gaza. Rajistar kamfani ta bai ɗaya da muka yi alkawari, wadda za ta ba ƙananan dukawa damar neman takardun fitar da kaya da suna guda, ba ta kammala ba, saboda kuɗin wata-wata bai shigo yadda aka tsara ba. Ma'aji zai karanta lissafin shiga da fita bayan wannan rahoto, kuma ana roƙon waɗanda ƙungiya ke bi bashi su gan shi kafin a tashi, domin a miƙa takardun rajistar a farkon shekara mai zuwa.