Ba a auna ceto da kayan shago

Malam Edita,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina rubuto muku daga Gadarif a gabashin Sudan, inda nake bin shirinku na Kirista ta wayar ɗana. Lahadin da ta wuce wani mai wa'azi ya ce duk wanda ya ga dukiyarsa na zubewa ya binciki bangaskiyarsa, wai wanda aka ceta ba ya tsiyacewa. Na kashe wayar, na jima zaune ban ce uffan ba.

Shekara da shekaru ina sayar da atamfa a Suk Libya da ke Omdurman. Yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023, muka gudu Wad Madani. A watan Disamba can ma wuta ta iso, muka sake ɗaukar ƙafa. Abin da na fito da shi 'ya'ya uku ne, da jaka ɗaya, da Littafi Mai Tsarki na Hausa wanda bangonsa ya ɓalle, na ɗaure shi da tsumman zane. Shagon kuwa ko allura ba a bari ba. To a wace rana cetona ya ƙare? Ranar da aka fasa ƙofar?

Abin da aka koya mini tun ina ƙarama a majami'a, kuma na gani da idona a Afisawa 2:8-9, shi ne ceto kyautar Allah ce ta wurin bangaskiya ga Yesu Almasihu, ba ladan aikin kowa ba. Bulus da ya rubuta wannan ya sha bulala da jifa da yunwa. Duk da haka a 2 Korintiyawa 4:17-18 ya kira wahalar nan mai sauƙi, ta ɗan lokaci, ya ce mu zuba ido ga abin da ba a gani domin shi ne madawwami. Da wannan ayar nake lallashin 'yata in ta farka da dare tana tambayar yaushe za mu koma gida.

Kusa da Khartum akwai Soba, babban birnin tsohuwar daular Kirista ta Alwa. Majami'unta yanzu sai tudun ƙasa da fasassun tubali. Da can ina karanta Ibraniyawa 13:14, cewa ba mu da dawwamammen birni a nan, kamar labarin wasu ne. Yanzu labarina ne.

Dole in ambaci Hajiyar da ta ba mu ɗaki, Bahaushiya Musulma wadda kakanninta suka tsaya a nan a hanyar Makka. Kullum sai ta leƙo da kisra a faifai tana cewa, "'Yata, ku ci." Allah ya saka mata.

Roƙona, ku sake gayyato mai wa'azin nan ya karanta 2 Korintiyawa sura 4 tun daga farko. Masu sauraronku da yawa a nan a makarantu da tantuna suke kwana.

Taku,
Wata mai sauraro, Gadarif