Wasiƙa daga Wamena

Assalamu alaikum mutumina,

Ya gida ya aiki, ya jikin Hajiya? Allah ya ƙara mata sauƙi. Na ga saƙonka a WhatsApp kana ta dariyar hoton da na ɗora, wai ko karatun ne ya kai ni daji. To zauna ka sha labari.

Da aka yi hutu wani ɗan ajinmu ɗan Papua, can gabashin Indonesiya, ya matsa min sai na bi shi garinsu kallon bikin kwarin Baliem, wanda ake yi duk watan Agusta tun 1989. Tafiyar ba wasa, daga Jakarta sai Jayapura, daga can kuma ka sake hawa wani jirgin zuwa Wamena, bai kai awa ɗaya ba amma duk ta kan duwatsu. Garin yana sama ne wajen mita 1,600, da asuba sanyi har cikin ƙashi, kuma kaya tsada kamar me don kusan komai jirgi ke kawo shi. Ka san mutanen waje ba su ma san da kwarin nan ba sai 1938 da wani Ba'amurke Richard Archbold ya hango shi daga jirgi, ya ga gonaki a jere da magudanan ruwa da dubban jama'a suna ta harkarsu.

Abin da ya fi jan mutane shi ne yaƙin wasa. Ƙabilun Dani da Lani da Yali suke zuwa ƙauye ƙauye, kowa da tawagarsa. Sai a ƙirƙiro dalili, wai an saci alade ko an gudu da matar wani, sai ka ji ihu daga can nesa, ƙato ya haye hasumiyar itace yana leƙen abokan gaba, kafin ka ce me fili ya cika da maza riƙe da dogayen masu da kwari da baka, sun shafe jiki da farar ƙasa, gashin tsuntsu a ka, haƙorin alade a hanci. Suna rugowa a guje su ja birki gaban jama'a, wallahi jahin hawan daushe ya faɗo min a rai, sai dai nan ba doki. Ba a zubar da jini, amma har zuwa zamanin kakanninsu da gaske ake yin sa kuma ana mutuwa.

Shi wancan abin da ya ba ka dariya sunansa koteka, zunguru ne busasshe da namiji ke rufe al'aurarsa da shi, kuma kowace ƙabila da irin nata, na Yali siriri ne dogo na Lani kuma mai kauri. A farkon shekarun 1970 gwamnatin Indonesiya ta yi kamfen na raba su da shi ta rarraba wanduna, bai yi wani tasiri ba a lokacin. Yanzu kuwa a cikin gari yawanci tsofaffi ne kawai ke sawa. Wani saurayi da ya fi kowa zafi a filin, ana tashi na gan shi bayan rumfa ya zura wandon jins yana duba wayarsa, farar ƙasar ko gogewa bai yi ba.

Wasu na cewa ai duk don turawa masu kyamara ake yi. Da gaskiyarsu ta wani fannin, yadda ake cusa wa tsoho kyamara a fuska ba ko sallama ya ɓata min rai sosai. Amma ni dai na ga yara ƙanana sun kafa wa iyayensu ido suna kwaikwayon jifan mashi, na ga dattijo yana koya wa jikansa pikon, wani ɗan abin kiɗa da ake sawa a baki ana jan zarensa. Waɗannan ba don bature suke yi ba.

Matan kuma su ne ƙashin bayan wurin gaskiya. Jakarsu ta saƙa, noken, a goshi suke rataya ta ta sauka gadon baya, ciki dankali ne ko jariri, wani lokacin har ɗan alade. UNESCO, hukumar al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa ta cikin jerinta na al'adun gargajiya da ya kamata a kare a 2012. Wata tsohuwa da na sayi ɗaya a wurinta, tana miƙo min canji na ga yatsunta guntaye, ashe a da idan aka yi wa mace rasuwa sai a yanke mata gaɓar yatsa, yanzu an hana.

Nasan za ka tambayi abinci. Suna yin bakar batu, a gasa duwatsu su yi ja a jera cikin rami da ciyawa da dankali da ganye da nama a rufe. Naman alade ne, don haka ko kusa ban je ba, dankalina daban aka gasa min. Amma akwai Dani musulmi a Walesi kusa da Wamena, su da kaji suke yin nasu.

In za ka kira ni ka tuna nan mun fi ku da awa 8, kar ka tashe ni tsakar dare yadda ka saba. Ka gaida su Baba da yaran majalisa duka, ka ce wa Hajiya na sayo mata noken.

Naka,
abokinka na Indonesiya